Wasiƙun sojoji ko na farar hula: wanne za a fara tarawa?

Malam, tsakanin ambulan na sojojin fagen daga da na farar hula da suka tsallaka iyakoki a Yaƙin Duniya na Biyu, shawarata ita ce ka fara da na farar hula, domin su ne hanyar da suka bi take rubuce a jikinsu.

Wanda na fi ji da shi cikin abin da na tara an aika shi ne daga Jamus zuwa New York a 1941, kafin Amurka ta shiga yaƙin. An yanka gefensa ɗaya aka liƙe da takardar rundunar sojan Jamus mai tambarin gaggafa, kuma ƙaramin harafin e da ke jikinta yana nuna cewa ofishin binciken wasiƙu na Frankfurt ne ya buɗe shi. Da b ne da Berlin ke nan, g kuwa Vienna. A ɗaya gefen ga takardar Birtaniya mai alamar P.C. 90 da lambar ma'aikacin da ya karanta ta, saboda jiragen saman kamfanin Pan American da ke tasowa daga Lisbon sukan yada zango a tsibirin Bamuda, inda Birtaniya ta kafa babban ofishin binciken wasiƙu tun 1940. Abokan gaba biyu sun karanta wasiƙa guda kafin ta isa hannun mai ita, kuma har yau ban gaji da duba ta ba. Idan ka samu wadda aka yi wa rajista, kada ka sake ta, don ita ce ake bugawa hatimai masu kwanan wata a bayan ambulan ɗinta. Haka ma wadda ta bi ta Akwatin Gidan Waya 506 na Lisbon, adireshin da kamfanin tafiye-tafiye na Thomas Cook ya riƙe don sada iyalan da yaƙi ya raba.

Na sojoji kuwa suna da araha da yawa, iyakar yabon da zan yi musu ke nan. Na Jamus galibi babu kan sarki a kansu, hatiminsu ba ya ambaton gari, sai lamba mai alƙaluma 5 da aka ƙirƙiro musamman don ɓoye inda rundunar take, ba kuma za ta gaya maka komai ba sai da littafin jerin lambobi.

Ka yi hattara da masu sayar da jabu, domin sukan ɗauki tsohon ambulan na gaskiya su ƙara masa hatimi ko takardar bincike don farashinsa ya tashi. Ka nemi hoton gaba da baya, ka duba ko kwanakin hatimai suna bin juna, ko kuɗin kan sarkin ya yi daidai da hanyar da aka ce ya bi, kuma ko hatimin Jamusawa ya hau kan takardar liƙin da ambulan ɗin tare. Wanda ya ƙi nuna maka bayan ambulan, kada ka sayi komai a hannunsa.