Katin da ke mayar da kuɗi, katin banki ko kuɗin waya: wanne ya fi wa ɗan kasuwar Garwa?

Ƙanena, na karanta tambayarka. Ka ce kana sayar da kayan waya a babbar kasuwar Garwa, kana odar kaya daga Sin ta intanet, kana biyan tallar Facebook, kuma yayanka da ke Amurka ya gaya maka duk abin da ya saya da katin bashi, banki na mayar masa da wani kaso. Kana son sanin wane kati za ka nema don kai ma ka riƙa samun wannan kashbak ɗin, ko kuwa ka tsaya kan kuɗin waya, wato Orange Money da MoMo na MTN, da ka saba.

Abin da zan gaya maka shi ne, a nan Kamaru, abin da kati ke mayarwa bai kai ka ba shi hankalinka ba. Abin da kati ke yanka shi ne abin dubawa. Bari in jera maka su gefe da gefe ka gani da idonka.

Mu fara da na yayanka, tunda shi ya ɗauki hankalinka. Gaskiya ya faɗa maka. Kamfanin Sears ne ya fito da katin Discover a tsakiyar shekarun 1980 da wannan dabara, daga nan ta bazu. Yau iri uku suka fi yawa a can. Akwai mai mayar da kaso iri ɗaya a kan komai, kamar Citi Double Cash, wanda ke ba da kashi 2 cikin 100: ɗaya lokacin da ka yi sayayya, ɗaya lokacin da ka biya bashin. Akwai mai juya fanni duk wata uku, kamar Discover it da Chase Freedom Flex: kashi 5 cikin 100, amma a kan dala 1,500 kawai a kowane wata uku, kuma a fannin da suka zaɓa, yau gidan mai, gobe kantin abinci. Idan ka cika ƙa'idar, ribarka dala 75 ce a wata ukun. Sai na uku, mai kuɗin shekara, kamar Blue Cash Preferred na American Express, wanda aka san shi da kashi 6 cikin 100 a manyan kantunan abinci na Amurka har zuwa dala 6,000 a shekara, shi kuma ya karɓi dala 95. Mai iyali da ya cika wannan adadi zai samu dala 360, a cire 95, saura 265. Wanda ba ya cefane mai yawa, na kashi 2 ya fi masa, domin ba shi da kuɗin shekara.

To daga ina wannan kuɗin ke fitowa? Ba daga alherin banki ba. Duk sanda aka goga kati a kanti, mai kantin na biyan la'ada, a Amurka kusan kashi 2 cikin 100 ko fiye a kan katin bashi, kuma kaso mafi tsoka yana zuwa bankin da ya ba da katin. Daga cikinsa ake gutsura wa mai kati. Kamar gyaran da mai gero ke ƙara maka ne bayan ya cika mudu: ya riga ya sa shi cikin farashi. Shi ya sa a Faransa, inda bankunanmu suka koyi yawancin tsarinsu, ba ka cika jin irin wannan garaɓasa ba. Tun 2015 Tarayyar Turai ta taƙaita wannan la'ada zuwa kashi 0.3 cikin 100 a katin bashi, 0.2 a katin cirar kuɗi. Babu abin gutsurawa. Yanzu ka zagaya layinku a kasuwa ka ƙirga rumfunan da ke da na'urar goga kati. Za ka fi samunta a otal, a babban kantin magani, a wasu gidajen mai da manyan kantuna. Inda ba a goga kati, ba a biyan la'ada, kuma inda ba la'ada, ba abin da zai dawo maka.

Ko da ka so, samun katin Amurka ba na mazaunin Garwa ba ne: suna neman adireshi a can, lambar shaidar haraji ko ta zaman ƙasa, da tarihin yadda kake cin bashi kana biya. Idan kuma yayanka ya ce zai sa sunanka a nasa ya aiko maka, ka yi lissafi tukuna. Da yawa daga cikin waɗannan katuna, har da Citi Double Cash, suna ɗora kashi 3 cikin 100 idan an yi sayayya a wajen Amurka. An ba ka 2 an karɓi 3. Kashi 6 na American Express kuwa na kantunan Amurka ne kaɗai. Sannan duk abin da ka kashe yana hawa wuyan ɗan'uwanka da dala, kai kuma kana samu da sefa. Zumunci ya fi ƙarfin a jefa shi cikin wannan.

Akwai kuma maganar da ba zan tsallake ba. Katin bashi yana ɗauke da kuɗin ruwa. A 2023 da 2024 matsakaicin ruwan katin bashi a Amurka ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara, wato kusan kashi 1.7 a wata. Wata guda ka makara, ya kusa cinye kashi 2 ɗin da ka yi ta murna a kai. Wata biyu, ka shiga asara. Ta fuskar addini kuwa, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da katin bashi mai sharaɗin ruwa ba, ko da mutum ya ƙudura zai biya kafin wa'adi ya cika. Akwai malaman da suka sassauta ga mazauna ƙasashen da rayuwa ke wuya ba tare da shi ba, amma kai ba ka cikin wannan larura. Ka kai wa malaminka takardar sharuɗɗan ya duba, kada ka kai masa labarin baki.

Sai katin bankinmu na gida, wanda Afriland, BICEC, SCB, UBA, Ecobank da sauransu ke bayarwa idan ka buɗe asusu. Mutane na kiran kowane kati mai tambarin Visa katin bashi, alhali mafi yawansu kuɗinka ne suke cira daga asusunka nan take. Ma'aikata masu albashi su ake ba wanda ke jinkirta cirewa zuwa ƙarshen wata, ko damar cin bashi a kan asusu, shi ma da ruwansa. Amfanin katin asusu a wurinka shi ne babban biya da tafiya. A cikin ƙasashe shida na CEMAC, wato Kamaru, Cadi, Afirka ta Tsakiya, Kongo, Gabon da Ikwatoriyal Gini, kuɗi ɗaya ne, babu canji. Ka haye gada daga Kusiri zuwa Njamena, sefarka sefa ce. Katin da ke da tambarin GIMAC, wato tsarin biya da ya haɗa bankunan CEMAC, an yi shi ne don wannan yanki, kuma galibi ya fi na Visa da Mastercard arha a shekara, sai dai ba zai biya maka kaya a Sin ba. Nauyin katin asusu kuwa: kuɗin riƙe asusu, kuɗin katin kansa, ƙarin caji idan ka cira a na'urar wani banki. Abin da ya fi damuna shi ne yana manne da jarinka gaba ɗaya. Idan ka sa lambarsa a shafin 'yan damfara, ƙofar rumbu ka buɗe musu.

A nan ne katin da ake loda wa kuɗi ya fi shi, irin su Africard na UBA ko CashXpress na Ecobank. Ba sai kana da asusu ba, abin da ka zuba shi kaɗai ke ciki, babu bashi balle ruwa. Don odar kaya da biyan talla, shi nake ba ka shawara. Ka loda daidai abin da za ka biya, ka biya, ka bar shi kusan fanko. Shi ma kashbak ɗinsa ba abin dogaro ba ne. Wani lokaci banki kan yi garaɓasar 'yan makonni, lokacin azumi ko komawa makaranta, sai ta wuce. Abin da ke dawwama shi ne cajinsa, kuma a wurare huɗu yake yanka: wajen sayen katin, wajen lodawa, wajen biya da kuɗin waje, da wajen cire abin da ya rage.

Na ukun, wato biya da kuɗin waje, shi ne mai cin ka, don haka mu tsaya a kansa. Zan ƙirƙiri lambobi don misali, kai ka sa na gaskiya da za ka samo a banki. A ce kana biyan sefa 500,000 a wata a waje. Kati na farko ya yi alkawarin mayar da kashi 1 cikin 100, amma la'adarsa ta canji kashi 4 ce. Na biyu ba ya mayar da ko dala, la'adarsa kashi 2.5. Na farko zai yanki 20,000, a ɗora harajin TVA na kashi 19.25 cikin 100 a kan la'adar, ya zama 23,850. A mayar maka 5,000, ka tashi da asarar 18,850. Na biyu zai yanki 12,500, da haraji ya kai wajen 14,900. Bambancin ya kusa 4,000 a wata, kimanin 47,000 a shekara, kuma wanda ba ya mayar da komai shi ya bar maka su. Allon talla ba zai nuna maka wannan ba. Yana cikin takardar farashin aiyuka, wadda za ka iya nema a gishe, wato tagar ma'aikacin banki. Ka nema, kuma ka tambayi ma'aikacin kai tsaye: idan na biya dala 100 yau, sefa nawa za ta fita daga katin gaba ɗaya? Amsar nan ita za ka kwatanta tsakanin banki da banki.

Kuɗin da kake biya da shi ma yana da tasiri. Sefarmu a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, tun 1999. Idan ka biya da yuro, farashin canji ba ya motsi, la'adar banki kawai za ka ji. Dala kuwa tana hawa da sauka, don haka kaya ɗaya zai iya zo maka da farashi biyu a wata guda. Idan ka je Dubai ko Guwanzu na'ura ta tambaye ka da wane kuɗi za ka biya, zaɓi na ƙasar da kake ciki. Canjin da na'urar kanti ke yi maka da kanta ya fi tsada.

Kada ka manta da dokar canji ta babban bankinmu, BEAC, wadda ta fara aiki a 2019. Biya ta intanet zuwa wajen yankin yana da iyakar sefa miliyan 1 a wata ga mutum ɗaya, cira da biya a lokacin tafiya kuma miliyan 5 a kowace tafiya. Abin da ya haura sai da takardun shaida, kuma idan ba ka kawo ba ana iya rufe katin. Nijeriya wajen yanki ce, ko da Mubi ka je. Nijar ma haka, duk da sunan kuɗinmu ɗaya kuma darajarsu ɗaya. Saboda haka ka riƙa ajiye rasit ɗin kowace oda, da takardar jigila, a waya da kuma a takarda. Ranar da cinikinka ya girma ya wuce miliyan a wata, kati ya daina zama hanyarka. Sai ka koma tura kuɗi ta banki da takardun shigo da kaya.

Kuɗin waya kuwa, shi ne sarkin cikin gari, ba mai ja da shi. Mai babur, mai shago, dillalinka na Duwala, kuɗin wuta, kuɗin makaranta, duk yana shiga. A Cadi Airtel Money da Moov Money ke wannan aiki. Ɗan abin da ya yi kama da kashbak a nan shi ne ƙarin kiredi ko data da kamfanoni kan ba wanda ya saya ta asusun wayarsa, kuma wannan ba kuɗi ba ne, ba za ka sari kaya da shi ba. Inda yake yanka shi ne turawa da cirewa: cajin kamfani, ga kuma harajin kashi 0.2 cikin 100 da gwamnati ta sa tun Janairun 2022, wato sefa 200 a kan 100,000. Dubi abin da ke faruwa a rumfa kullum: mai saye ya turo maka, yaronka ya ruga wurin mai kiyos ya ciro, gobe ka sake zubawa don ka tura wa dillali. Kowane zagaye da yankansa. Idan ka nemi lambar ɗan kasuwa, masu saye su riƙa biya kai tsaye, galibi ba tare da an caje su ba, kai kuma ka biya na gaba da kai daga cikin asusun ba tare da ka cira ba, abin da za ka tsira da shi a wata ya fi duk wani kashi 1 da banki zai yi maka alkawari.

Ga yadda zan tsara da ni ne a rumfarka: kuɗin waya don cinikin yau da kullum, kati mai lodi ɗaya don intanet kawai, asusun banki da katinsa don ajiyar jari da tafiya, kuma lambar wannan na ƙarshe kada ta taɓa shiga wani shafi. Wajen zaɓar katin lodi, je banki biyu ko uku da ke da reshe a Garwa, domin ranar da kuɗi ya maƙale kana buƙatar ƙofar da za ka ƙwanƙwasa da ƙafarka. Ka tambayi ko ana loda shi daga asusun waya da nawa, ko yana turo lambar sirri ta saƙo kafin kowane biya, da shekara nawa yake yi kafin ya mutu. Idan ka samo amsoshin, turo su a nan mu lissafa tare da adadin da kake kashewa a wata.