Daga Jamus zuwa Birtaniya: wace takarda za ka nema?

Ɗan ƙasar Jamus ya saba shiga Faransa ko Ostiriya da katin shaida kawai. Birtaniya ba haka take ba. Tun 1 ga Oktoban 2021 ta daina karɓar katin daga masu ziyara, sai fasfo. Fasfon Jamus na mai shekara 24 zuwa sama yuro 70 ne, yana aiki shekara 10. Idan tafiya ta matso, na gaggawa yana fitowa cikin kwanakin aiki 3 da ƙarin yuro 32.

Fasfon ma shi kaɗai bai isa ba. Daga 2 ga Afrilun 2025 sai da izinin shiga na intanet, wato ETA. A watan ne kuɗinsa ya tashi daga fam 10 zuwa 16, don haka a duba farashin ranar kafin a biya. Yana aiki shekara 2, ko zuwa ranar da fasfo ya ƙare idan ita ta riga zuwa, kuma kowace ziyara ba ta wuce wata 6. Ga mai yawon buɗe ido, ziyarar dangi ko taron kasuwanci, shi ne daidai. Mai zuwa kama aiki ko dogon karatu kuwa biza zai nema, ETA ba ya ba shi wannan dama.

Wurin saye shi ne inda ake yawan cutar mutane. Manhajar UK ETA da shafin gwamnati na gov.uk su ne hanya. Shafukan dillalai suna cajin ninki a kan aikin da mutum zai gama da wayarsa: hoton fasfo, hoton fuska, 'yan tambayoyi, sai biya. Amsa takan zo cikin kwanakin aiki 3.

Izinin yana manne da lambar fasfo, wanda ya sabunta fasfo sai ya sake nema. Kowane yaro da nasa, har jariri. Haka wanda ya sauka Dublin, babban birnin ƙasar Ireland, da katin shaida, idan zai tsallaka Belfast da ke Ireland ta Arewa, ɓangaren Birtaniya, yana bukatar fasfo da ETA ko da bai ga shinge a hanya ba.

A kula sosai da iyalin da ke da fasfo iri biyu. Matar da ke riƙe da fasfon Najeriya ko Nijar, ko da tana da takardar zama a Jamus, ba ta cikin masu ETA. Bizar ziyara za ta nema, da ba da zanen yatsu, kuma tana ɗaukar kimanin mako 3. Tata za a fara nema kafin a yanki tikitin jirgi.