Bevel ko Remesh: wanne ya fi gyara haruffa a Blender?

Matasan da ke zana allunan shaguna da Blender, manhajar zanen 3D, a unguwar Nima ta Accra sun dame ni da tambaya ɗaya: idan harafi ya fito da kaifin baki da gargada, Bevel za a taɓa ko Remesh?

Bevel, wato daddaushe kaifin gefen harafi, sauƙi gare shi. Yana nan cikin saitin rubutun, ka ƙara masa zurfi kaɗan, ka ɗaga Resolution (yawan layukan da ke haɗa lanƙwasar) zuwa sama, gefen ya kwanta sumul. Kwamfutarka ba za ta yi nishi ba. Matsalarsa, in ka cika zurfin, lungunan harafi sukan hau kan juna.

Remesh kuwa sake saƙa fatar harafin yake yi gaba ɗaya, sai ya fito kamar an zuba shi da narkakken ƙarfe. Amma yana cin ƙwaƙwalwar na'ura, kuma in ba ka rage girman voxel (ƙananan kwalayen da yake sake gina harafin da su) ba, lanƙwasar ƙ da ɗ ce za ta fara narkewa, sai ka ga ƙasa ta koma kasa.

Mai allon shago da tsohuwar laftof, Bevel ya ishe shi. Mai son sassaƙa harafi ko lanƙwasa shi a bidiyo, ya daure wa nauyin Remesh.