Sharhi Kan Kumbon Roba na Haɗawa da Aikin Saka Masa Fitilu

Kumbon da nake magana a kansa samfuri ne na roba irin na finafinan ƙagaggen labarin sararin samaniya, wanda ake sayarwa guntu-guntu a kwali domin mai saye ya haɗa da kansa. Na yi odarsa ta intanet, ya iso Bauchi ba tare da ko guntu ɗaya ya karye ba. An yi shi a ma'aunin 1:1000, wato kowace santimita ɗaya a jikinsa tana wakiltar mita goma a jikin kumbon labarin.

Ta fuskar haɗawa ba ni da ƙorafi mai yawa. Guntayen suna shiga juna daidai, layukan jikinsu sun fito tsaf, kuma gam ɗin da ake amfani da shi yana narkar da fuskar robar ne kaɗan har ɓangarori biyu su zama ɗaya. Wuri guda ne kawai ya buƙaci fila, wato abin cike gurbi, da sanfefa.

Inda aikin yake shi ne fitilu, kuma a nan ne takardar bayanin ta gaza, domin ta nuna inda ƙwayayen LED, wato ƙananan ƙwayayen fitila, za su zauna amma ta yi shiru game da yadda robar take barin haske ya ratsa ta. Idan aka kunna ƙwai a ciki ba tare da shiri ba, gaba ɗaya jikin kumbon zai yi haske kamar fitilar ƙwai, tagogin kuma su ɓace. Maganin shi ne a shafe cikin kowane guntu da baƙin fenti har sai an haska tocila ba ta ɓullo ba, sannan a bi da fari domin hasken ya bazu. Wannan matakin ya fi haɗa kumbon cin lokaci, kuma a hunturu sai an rufe guntayen da kwali, in ba haka ba ƙura za ta manne wa ɗanyen fentin.

Tagogin na huda su da abin huda na hannu mai rabin milimita, na zura siririn zaren roba mai ɗaukar haske. Farin gam na kafintoci ya dace da riƙe shi. Super Glue yana sa zaren ya yi gautsi, kuma yana dusashe guntayen da ke garai-garai. Dalma da siraran wayoyi da rezista (ɗan abin da ke rage wutar da ke shiga ƙwai) duk na same su wajen masu gyaran rediyo a kasuwar Wunti. Da wutar USB mai bolt 5, farin ƙwai mai shan kusan bolt 3 yana son rezista mai ohm 100, ja kuma mai shan kusan bolt 2 yana son ohm 150. Na ƙara ƙarfin rezistar sama da haka, saboda a ganina haske mai laushi ya fi sa kumbon ya yi kama da babban abu da ake hangowa daga nesa. Na sa ja a hagu da kore a dama, kamar yadda jiragen ruwa da na sama suke yi.

Saboda ɗaukewar wuta na zaɓi fawa banki, sai dai da yawa daga cikinsu suna kashe kansu idan abin da aka jona ba ya jan wuta sosai, don haka a gwada kafin a liƙe jikin kumbon, domin bayan an sa gam babu sauran hanyar shiga. Wanda bai taɓa riƙe ƙarfen dalma ba ya fara koyo a kan tsohon rediyo tukuna, kuma ba zan ba ƙaramin yaro wannan kwalin ba sai da babba a kusa da shi.