Roba, kwali ko rezin: zaɓen gine-ginen gari don teburin ƙaramin jirgin ƙasa

Duk wanda ya shimfiɗa ƙaramin layin dogo a kan tebur ba ya daɗewa sai ya fara sha'awar kafa gari a gefensa, da tasha da shaguna da tituna. Abin da ya kamata ya sa a ransa kafin ya fitar da kuɗi shi ne, da wuya tsarin farko ya ɗore, domin watarana zai ƙara layi, ko ya ga cewa dogon bene ya tare masa ganin jirgi, sai ya tashi unguwa guda ya mayar da ita wani gefen. Saboda haka juriyar gini ga ɗauka da ajiyewa tana cikin abubuwan da za a auna, tare da kyansa da farashinsa.

Ma'auni ne farkon abin dubawa a jikin kwalin kaya. A ma'aunin HO, wanda ya fi yaɗuwa a Amurka da yawancin Turai, an rage komai sau 87, don haka ƙofa mai tsawon mita 2 ba ta wuce milimita 23 ba. Ingila kuwa OO ta fi amfani da shi, wanda aka rage sau 76, alhali faɗin layinsa milimita 16.5 ne daidai da na HO, kuma wannan ne ke ruɗar sabon shiga, ya sayi gidan OO ya kafa kusa da shagon HO, ya tarar ƙofofinsu da tagoginsu ba su yi daidai ba. Ma'aunin N an rage shi sau 160 a yawancin ƙasashe, sau 148 a Ingila, sau 150 a mafi yawan kayan Japan. Faffaɗan katakon nan na kafintoci mai ƙafa 4 da ƙafa 8 yana wakiltar fili mai kusan mita 106 da 212 a HO, amma a N ya kai mita 195 da 390. Mai ƙaramin ɗaki da ke son gari mai unguwanni N ne ya dace da shi, muddin idonsa da yatsunsa za su iya da ƙananan abubuwa.

Gine-ginen roba da ake haɗawa da hannu su ne suka fi cika kasuwa. Faller da Kibri da Vollmer na Jamus suna kwaikwayon gidajen Turai masu jan rufi, Walthers na Milwaukee kuma ya fi ƙarfi a masana'antu da shagunan bulo irin na Amurka. Ana haɗa su da gam na musamman mai narkar da bakin robar har sassan biyu su zama ɗaya, shi ya sa ginin da aka haɗa da kyau yake jure ɗauka sau da yawa, ga shi ba nauyi. Wani alfanun kuma shi ne ana iya yanka bango da ƙaramin zarto a rage tsawonsa, ko a haɗa kaya biyu su zama doguwar masana'anta, idan sabon tsarin gari ya buƙaci haka. Kamfanin DPM na Amurka ma yana sayar da bangaye ɗaiɗai don irin wannan aiki. Aibinsu shi ne ƙyallin sabuwar roba, wanda sai an bi da fenti marar sheƙi, an ɗan dusashe rufi da gindin bango, kafin ginin ya yi kama da wanda aka zauna a cikinsa. Haka nan siririn bango yana iya lanƙwashewa idan rana tana dukansa ta taga. A ganina, layin gaba na gari, inda hannu ke yawan kaiwa, roba ya kamata a ba shi.

Kwali ya fi araha nesa ba kusa ba. Metcalfe na Ingila yana sayar da shi a buge da launi, an riga an tsaga wuraren yanka, a ma'aunin OO da N, sai dai a naɗe a liƙa da farin gam. Scalescenes kuwa zane ne ake saye ta intanet, mutum ya buga a takarda iya adadin da yake so ya manna a kan kwali, wanda hakan ke raba shi da kuɗin dako da jiran kaya daga waje. Sai dai mai zama a ƙasar Hausa ya yi la'akari da yanayi: laimar damina tana sa kwali ya kumbura ya karkace, tawada tana iya zuba idan ruwa ya taɓa ta, gara da kyankyasai suna son takarda, ƙurar hunturu kuma ba a wanke ta daga kwali kamar yadda ake wa roba, sai dai a bi da buroshi mai laushi. Feshin banish marar sheƙi da ƙarin tokara daga ciki suna rage matsalar. Kusurwoyinsa ma suna nuna farin kwali idan ba a shafa musu launi ba, kuma su ne ke fara lalacewa da yawan taɓawa.

Gine-ginen rezin, wato wata irin roba mai tauri da nauyi da ake zubawa a mazubi ta daskare, irin su Skaledale na kamfanin Hornby da Scenecraft na kamfanin Bachmann, a gine suke zuwa da fentinsu, a ciro daga kwali a ajiye. Sun dace da marar lokaci, kuma nauyinsu yana sa su zauna daram ba tare da gam ba. Amma sun fi tsada, nauyin yana ƙara kuɗin dako, suna fashewa idan suka faɗi, ba a kuma iya sauya musu siffa cikin sauƙi. Ɗaya ko biyu, kamar tasha, sun wadatar. Akwai kuma na siririn katako da ake yankawa da leza, masu kyau ga rumfuna da gine-ginen katako, amma sai an yi wa bango fenti ciki da waje don kada ya karkace.

A jikin bangon baya, rabin gini ya fi cikakke amfani, wato mai fuska kawai da kaurin santimita kaɗan, kuma nan ne kwali ya fi dacewa tunda hannu ba ya kaiwa. Wasu sukan jera gidajen N can baya a teburin HO, domin ido ya ɗauka nisa ne ya ƙanƙantar da su.

Ko wanne aka zaɓa, kada a liƙa gini a jikin tebur. Gara a kafa kowane rukunin shaguna a kan faifansa na siririn katako tare da dakalinsa, a bar masa gurbi tsakanin tituna yadda zai shiga daidai ba tare da gibi a gindin bango ba, idan kuma faifan duk girmansu ɗaya ne, ana iya musanya unguwa da unguwa cikin minti kaɗan. Mai son wuta a cikin gidaje ya sayi ƙananan fitilun LED da ba sa zafi, ya shafa baƙin fenti a cikin bango don kada haske ya ratsa shi, ya kuma sa wa kowane faifai ƙaramin fulogi a ƙasa maimakon ya haɗa waya da dalma kai tsaye. Kafin a yi odar komai, yana da kyau a duba tsawo da faɗin da kamfani ya rubuta, a yanka tsohon kwali daidai da su, a jera a kan tebur, sannan a tura tarago mafi tsawo ya bi kwana a ga ko zai gogi kusurwar wani gini.