Sikanin farkon ciki: na'urarsu lafiya lau, bayani ne da saura

Sau biyu na je wani wurin hoton ciki, kuma sai a zuwa na biyu na ga amfanin kuɗina.

A lissafina, daga ranar farko ta al'adata ta ƙarshe, cikin ya kai sati 7 da kwana 4. Wurin tsaf yake, ban daɗe a layi ba. An ce in cika marata da ruwa, na sha har na ƙosa. Mai sikanin ya shafa man nan mai sanyi, ya yi ta danna min mara yana kallon allo, can ya ce, "Hajiya, tsayin ɗan tayin milimita 4 ne, sati 6 da kwana 1. Ya yi ƙanƙanta, kuma ban ga bugun zuciya ba. Ki dawo bayan kwana 10." Ya miƙo min takarda, shi ke nan.

Kwana goman nan ban yi barcin kirki ba. Da na ji tashin zuciya ya lafa sai gabana ya faɗi. Maigidana har ya gaji da ce min in ajiye waya.

Da na koma, wata mata na tarar. Tun ban kwanta ba ta tambaye ni kwana nawa ne tsakanin al'adata da ta gaba. Na ce 38. Ta ce ai ga bambancin kwana goman da ke tsakanin lissafinki da sikanin nan. Lissafin da aka saba yana ɗauka cewa zagayen mace kwana 28 ne, ƙwai ya fito wajen rana ta 14. Mai kwana 38 kuwa sai wajen rana ta 24, don haka cikinta ya fi lissafin ƙuruciya. Ta ƙara da cewa a wannan lokacin ɗan tayi yana ƙaruwa da kusan milimita 1 a rana, kuskuren awo kaɗan ma sai ya sauya kwanaki. Kuma ba a yanke cewa ciki ya lalace don ba a ga bugu ba sai tsayinsa daga kai zuwa gindi ya kai milimita 7. Nawa bai kai ba a lokacin. Da an faɗa min wannan tun farko!

Ta nemi izinina ta yi na ta gaba, wato sikanin da ake saka na'urar ta al'aura, wanda ya fi fito da ƙaramin ciki fiye da na kan mara. Babu daɗi, amma babu zafi. Milimita 14. Ta juyo da allon ta nuna min wani ɗigo yana ƙyaf-ƙyaf, bugu 150 a minti. Alhamdulillah.

Awon mutumin farko daidai ne, ban ƙi ba. Abin da na riƙe shi da shi, bai tambaye ni komai ba, bai kuma ce akwai na ta gaba ba. An gyara min ranar haihuwa bisa awon sikanin, kuma na riga na sa a rubuta cewa matar nan nake so a sikanin sati 12.