Shagon kayan sola na kusa da Kasuwar Dole: saye da sauƙi, mayarwa da wuya

Tun lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar a watan Agustan 2023, sakamakon takunkumin da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, magidanta da dama a Damagaram suka koma ga hasken rana, kuma ko da aka ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024 ba su sake sakin jiki da kuran shi kaɗai ba. Shagon da wannan sharhi ya shafa yana cikin waɗanda suka ci gajiyar wannan sauyi. Yana kusa da Kasuwar Dole, kuma ranar Alhamis, ranar da mutanen ƙauyuka suke shigowa gari, da ƙyar mutum yake samun wurin tsayawa a cikinsa.

Ta fuskar kaya da farashi, shagon ya cancanci yabo. Akwai farantan sola manya da ƙanana, da batura, da na'urar daidaita caji, da fankoki masu aiki da batir, da ƙwayayen fitila, kuma farashinsu yakan ɗan sauka ƙasa da na maƙwabta saboda Alhajin da ke da shagon da kansa yake zuwa sari Kano. Yaran shagon sun san aikinsu. Idan ka ce kana son wayar wuta, sai yaro ya fere bakinta da reza ya nuna maka cewa jan ƙarfe ne har ciki, ba sanholo aka rina ba, idan kuma farantin sola ne sai ya fitar da shi tsakar rana ya ɗora masa mita a gabanka. Wayoyi da farantin da na saya a wurinsu suna aiki yadda ya kamata, ba ni da wani ƙorafi a kansu.

Batir ne ya nuna mini ɗayar fuskar shagon. Na sayi mai volt 12 wanda aka rubuta amfiya 100 a jikinsa. Lissafin irin wannan batir ba ɓoyayye ba ne: yana ɗauke da wutar da ta kai kimanin wat 1,200 na awa ɗaya, kuma tun da masu aikin sola suna hana a sauke batirin dalma ƙasa da rabi, abin da mutum zai mora bai wuce 600 ba. Fanka mai cin wat 20 da ƙwayayen fitila huɗu masu cin biyar-biyar sun haɗa wat 40 ke nan, wato ya kamata ya riƙe su dare guda cur har da saura. Wanda aka ba ni kuwa, bayan ya yini yana shan caji a ranar bazara, kafin a yi nisa da sallar isha'i fanka ta fara jan jiki, fitilu suka dushe.

Da na mayar da shi, abin da yaron shago ya fara yi shi ne ya nuna mini wata takarda da aka manna a bango, an rubuta da Faransanci cewa kayan da aka sayar ba a karɓarsa kuma ba a canza shi. Sannan ya ce, «Malam, ai a gabanka muka gwada, ka ga mita da idonka.» Gaskiya ne an gwada, mita kuma ta nuna volt 12.7, sai dai wannan gwaji ba ya tabbatar da lafiyar batir, kuma duk mai sayar da batura ya san haka. Mita tana auna ƙarfin wutar da ke bakin batir ne a lokacin da ba a ɗora masa komai ba, ba ta auna yawan abin da zai iya riƙewa, kamar tulun da ya tsage daga ƙasa, wanda za a iya cika shi har baki a nuna wa mai saye kafin ruwan ya tsiyaye. Batirin dalma da ya daɗe a ajiye ba tare da caji ba, musamman a zafi irin na Afrilu da Mayu da yake wuce digiri 40 a nan, farantansa na ciki sukan yi gishiri su daskare, ya riƙa nuna cika a mita alhali ƙarfinsa ya tafi. Akwai kuma batun nauyi. Batirin dalma mai amfiya 100 na gaske yakan kai kilo 30 ko kusa da haka, shi kuwa wannan da muka ɗora shi a sikelin mai sayar da hatsi na gefen shagon, bai ko kusanci hakan ba, wanda yake nuna cewa rubutun da ke jikinsa ya fi abin da ke cikinsa.

Wannan shi ne ainihin abin da ake kira ɓoyayyen aibi, kuma takardar bango ba ta isa ta shafe haƙƙin mai saye a kansa ba. Kundin dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa ya tanadi, a sashe na 1641, cewa mai sayarwa yana da alhakin aibin da ke ɓoye a cikin kaya idan aibin ya hana kayan yin aikin da aka saye shi dominsa, sashe na 1644 kuma ya ba mai saye zaɓi tsakanin ya mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe kayan a rage masa wani abu daga farashi. Sharaɗin da ke kansa shi ne kada ya yi jinkirin tayar da magana. Bayan wannan, ƙasar tana da doka mai lamba 2015-24 ta ranar 11 ga Mayun 2015, wadda ta shimfiɗa ginshiƙan kare haƙƙin masu saye.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne cewa ko babu waɗannan dokoki, ɗan kasuwar Damagaram bai rasa sanin hukuncin ba, domin yana cikin karatun zaure. Malamanmu na mazhabar Malikiyya suna karantar da cewa wanda ya sayi abu sannan ya tarar da aibin da ba a bayyana masa ba yana da zaɓin ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Kowa ya san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Haka nan dabbar da aka bar nono ya taru a hantsarta don a ruɗi mai saye, an ba shi damar ya mayar da ita bayan ya tatsa ya ga gaskiya. Batirin da ke nuna cika a mita ya faɗa ƙarƙashin wannan hukunci sarai.

Alhaji mai shagon, da na same shi, bai ɗaga murya ba, kuma hujjarsa tana da nauyin da ya kamata a saurara. Ya ce, «Malam, ni ma haka na saro shi, kuma idan na koma da shi Kano ba wanda zai karɓa.» Ya ƙara da cewa mutane da yawa suna kashe batir da hannunsu, su jona shi kai tsaye ba tare da na'urar daidaita caji ba, ko su ɗora masa firji, sannan su dawo suna neman sabo. Duka biyun suna faruwa. Dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka wadda Nijar take cikinta, ta ba ɗan kasuwa wata guda ya sanar da wanda ya sayar masa aibin da ke bayyane, da shekara guda kan wanda ke ɓoye, amma Najeriya ba ta cikin wannan ƙungiya, don haka a aikace abin da ke tsakanin Alhaji da dilansa na Kano ya fi dogara ga amana da daɗewar hulɗa. Sai dai duk wannan bai sa asarar ta zama ta mai saye ba. Wanda ya zaɓi inda zai yi sari, ya ɗauko kaya, ya ɗora ribarsa, shi ne ya kamata ya ɗauki kasadar abin da ya ɗauko, kuma rarrabe batirin da aka kashe da wanda ya zo a mace ba shi da wuya ga mai sana'a: a cika shi da caji, a ɗora masa fitila mai sanannen ci, a ga tsawon lokacin da zai riƙe.

A ƙarshe hakan aka yi, batirin ya gaza a hannunsu kamar yadda ya gaza a gida, aka canza mini da wani mai nauyi na cika ɗan kuɗi kaɗan, kuma sabon yana kwana da fanka lafiya. Amma ba zan ɓoye yadda aka kai ga hakan ba. Sai da wani dattijo mai shago a layin, wanda muke unguwa ɗaya a Birni, ya taso ya ce, «Alhaji, wannan namu ne, a duba masa,» sannan aka yarda a yi gwajin. Ina nan zaune wani mutum da ya ce daga wajen Mirya yake ya shigo da ƙaramar fanka mai caji a cikin buhu, ya ce tun ranar da ya kai ta gida ba ta ɗauki caji ba. Ba shi da takarda, domin shagon ba ya bayar da faktir sai an nema, ba shi kuma da wanda zai ce nasu ne. Yaron ya nuna masa bango, ya ba shi shawarar ya kai wa mai gyara, mutumin ya tsaya jim, ya mayar da fankar cikin buhu ya fita. Wannan ya fi batirina damuna, domin haƙƙin da sai da sanayya ake samunsa ya zama alfarma, kuma waɗanda ba su da sanayya a gari su ne waɗanda kuɗin fanka ɗaya ya fi yi wa ciwo, ga kuɗin mota da suka biya zuwa da komawa.

Wanda aka hana haƙƙinsa yana da inda zai dosa kafin a kai ga gidan shari'a. Shugabannin ƴan kasuwa da masu unguwa suna yin sulhu a irin wannan, akwai ofishin ma'aikatar kasuwanci na jiha, akwai kuma ƙungiyoyin kare masu saye irin su ADDC-Wadata. Sai dai duk inda mutum ya je, tambayar farko da za a yi masa ita ce shaidar cewa a wannan shago ya saya da kuma ranar da ya saya, kuma a nan ne rashin takarda yake karya mai gaskiya.

Zan ci gaba da sayen waya da faranti da fitilu a wannan shago, domin su kaya ne da ake iya tabbatar da lafiyarsu a tsaye. Batir da fanka mai caji kuwa, duk abin da aibinsa ba ya fitowa sai ya kwana a gida, ba na ba kowa shawarar ya biya kuɗinsa a can sai an ɗora batirin a sikeli, an rubuta masa faktir mai ɗauke da kwanan wata da lambar da ke jikin kayan, kuma Alhaji da kansa ya rubuta a ƙasanta kwanakin da ya yarda a dawo da shi idan ya gaza, ya sa hannu.